Hannun da Aka Ɗaga a Bayan Igiya

Ku da kuka cika min waya da saƙonni tun makon jiya, wai "Regula, kin amince ko ba ki amince ba?", ku gyara zama. Abin da ke ba ni dariya shi ne, ku da ba ku taɓa ganin fuskata ba kun tambaye ni, amma a gidanmu har zuwa jiya Lahadi babu wanda ya ga dacewar ya yi min wannan tambaya.

Ga wanda yau ne shigowarsa ta farko: sunana Regula Manser, shekarata ashirin da bakwai, ina koyar da 'yan aji biyar a makarantar ƙauyenmu da ke gefen garin Appenzell. Ina zaune da iyayena da kakata, wadda muke kira Grosi, a wani tsohon gidan katako da in ka yi atishawa a bene za a yi maka sannu daga ƙasa. Wanda ake magana a kansa kuwa Valentin Rusch ne, direban ɗan jan jirgin ƙasan nan namu. Shekara biyu muna tare.

Ranar Litinin ta makon jiya muna cin abincin rana, taliya da cuku da markaɗaɗɗen tuffa, babana, wanda muke kira Dädi, ya ajiye cokali ya goge gashin baki.

"Ranar Lahadi kafin mu tafi Taron Jiha, zan ba Valentin takobin Grosdädi."

Grosdädi shi ne kakana marigayi, Bisch Manser, kuma takobinsa babu wanda bai san shi ba a garin nan, saboda jan tuntun da ke jikin maratayinsa da ɗan lanƙwasar da ke bakin ƙotar. A wajenmu ranar Taron Jiha a fili ake zaɓe da ɗaga hannu, kuma namiji da takobi a ƙugu yake shiga da'irar zaɓe, uba ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Su Dädi ni kaɗai Allah ya ba su. To in aka ga Valentin Rusch ya ratsa fili da takobin gidan Manser, ai ko katin gayyata ba sai an buga ba, kafin a tashi taro an gama tsayar min da ranar biki.

"Dädi, shi Valentin ɗin ya ce yana so?"

"Wa zai ƙi takobin Bisch Manser? Na tare shi a tasha na gaya masa, har kunnensa sai da ya yi ja."

"Ni fa?"

Mahaifiyata, Mami, ta yi caraf. "Ke me? Shekara biyu yaro yana cin abincin Lahadi a gidan nan. Shi ya gyara ƙofar rumbun ciyawa, shi ya kai ni asibiti da na goce ƙafa. Me kuma ya rage? Na ma fito miki da koriyar rigar nan mai maɓallan azurfa, sai guga."

Grosi dai ta ɗago ta dube ni ta saman gilashinta, ta ci gaba da fere ɓawon cuku kamar an biya ta.

Kada ku yi min mummunar fahimta. Ina son Valentin. Ina son yadda yake cire takalmi tun daga waje ko an ce ya bari, ina son ɗan kunnen zinaren da ke kunnensa na dama irin na mazan nan, ina son yadda in ya hango ni a kan keke yake ɗan danna ƙahon jirgi sau ɗaya. Amma shekara biyun nan bakinsa bai taɓa furta tambayar ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne: yana so ne, ko dai an tura shi ne ya bi layin dogo kamar yadda ya saba?

Shi ba ya taɓa waya sai ya kai ƙarshen layi, don haka saƙonsa kullum a gajarce yake.

"Dädinki ya tare ni a tasha. Kin ji?"

"Na ji. Me ka ce masa?"

"Na ce na gode."

"Shi ke nan?"

"Ya riƙe min hannu da hannu biyu, Regula. Me zan ce?"

Na rubuta amsa mai tsawo, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Kafin in yanke shawara nasa ya shigo: "Fitila ta yi kore. Sai na iso."

Washegari Talata na shiga aji da darasin da nake yi duk watan Afrilu kafin Taron Jiha, wato yadda aka yi mata suka samu 'yancin zaɓe. Na rubuta shekaru uku a allo. Na ce a 1971 matan ƙasar nan suka fara zaɓe a kan abin da ya shafi ƙasa baki ɗaya. A 1990 mazan jiharmu suka taru a fili, aka tambaye su ko mata su shigo da'ira, suka ce a'a, karo na uku ke nan. A ƙarshen shekarar babbar kotun ƙasa ta ce dole a bar su, suka fara shiga a 1991.

Timo, wanda ba ya iya zama a kujera sai da ƙafa ɗaya a waje, ya zaro ido. "Frau Manser, 1990? Ai a lokacin babana ya ma iya keke!"

"Ya iya kuwa."

"Ni na ɗauka zamanin da ake yaƙi da mashi ne."

Aka kwashe da dariya. Livia Signer ba ta yi ba. Yarinyar nan in ta ƙura maka ido sai ka fara laluben ko ka yi ƙarya. Ta ɗaga hannu.

"To matan suna ina ranar?"

"A bayan igiya, tare da yara da baƙi. Wasu kuma a tagogin gidajen da ke kewaye da filin."

"Suna kallon mazajensu suna ɗaga hannu?"

"Suna kallo. Ai kin san a fili ake yi, kowa yana ganin hannun kowa."

"Sannan su koma gida su zuba musu abinci?"

Shekara huɗu ina wannan darasi, ban taɓa tambayar kaina abin da ya faru a teburin cin abinci a ranar ba. Sai na ajiye littafin na ce kowa ya je gida ya tambayi wanda ya fi tsufa inda yake a ranar, in da hali ya zo da wani abu da ya rage daga lokacin.

"Ke fa, Frau Manser?" in ji Livia. "Kakarki tana ina?"

"A gida. Zazzaɓi ya kwantar da kakana, tana jinyarsa."

Haka na taso na ji ana faɗa. Amma ina faɗa musu sai wani abu ya ɗarsu a raina. Tun da aka bar mata su shiga, Grosi ba ta taɓa taka da'irar ba. Duk shekara rawayan katin zaɓenta yana zuwa, ta juya bayansa ta rubuta sabulu da gishiri da zare. In an yi magana ta ce ƙafarta. Ƙafar da take hawa dutse da ita tsinkar ganyen shayi!

Ranar Alhamis teburina ya cika. Wani ya kawo tsohuwar jarida da aka naɗe kofuna da ita. Wata ta kawo takarda daga kakarta mai layi biyu: wai ita ba ta taɓa son zaɓen ba, don ko babu kati ita take gaya wa mijinta hannun da zai ɗaga. Timo ya zo hannu rabbana, ya ce kakansa ya ce a daina tone-tone, sannan ya fita duba shanu alhali an riga an duba su.

Livia ta ajiye hoto. Daga taga aka ɗauke shi, launinsa ya fara komawa ruwan ƙasa. Can ciki maza ne cunkus da baƙaƙen kwat, gefe kuma ga igiya, ga mata a bayanta.

"Wannan ce kakata, mai jan mayafi a wuya. Amma dubi wannan mutumin. Me yake yi a wajen mata?"

Na sunkuya. Namiji ɗaya tal a tsakiyar mata, da baƙin kwat na taro, hula a hannun hagu, ƙugunsa babu komai. Hannunsa na dama a sama, miƙe sak. Yatsu huɗu. Zarto ya cire wa Grosdädi ƙaramin yatsa tun yana koyon kafinta, da wannan hannun yake shafa min kai ina ƙarama.

Na tambayi Livia, "Kakarki ta ce me?"

"Ta ce lokacin masu cewa mata su shigo ne. Ta ce ya ɗaga, bai sauke ba har aka gama, ko da yake hannun bayan igiya ba a duba shi. Na ce waye, ta ce in tambayi malamarmu."

Idanu ashirin da biyu sau biyu a kaina. Na ce su buɗe littafin lissafi.

Ana tashi ƙarfe huɗu na figi keke. Na tarar da Grosi a ɗakinta, bakin taga, ta duƙufa a kan katakon ɗinkin surfaninta, tana fitar da fure a kan farin ƙyalle. Ɗakin yana ƙamshin busasshen na'a-na'a da man zafi. Ban yi gaisuwa mai tsawo ba, na ɗora hoton a kan ƙyallen.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta soke allurar a gefe.

"'Yar gidan Signer ce ta kawo, ko? Kakarta tun tana budurwa bakinta ba ya riƙe ruwa."

"Grosi, ina zazzaɓin?"

"Rufe ƙofa."

Na rufe, na zauna a bakin gado.

"A lokacin babu wani kati," in ji ta. "Takobi ne shaidar. Ba ka da shi a ƙugu, ba ka shiga. Ana gobe taro kakanki ya ce min, 'Albertina, gobe zan ɗaga muku hannu.' Na ce ka haukace? Babana zai tsaya a damarka, yayyena uku a hagunka. Rabin mutanen da kake yi wa ƙofa da taga suna wurin. Babana ya riga ya faɗa a gaban kowa, duk wanda ya ɗaga wa mata hannu mijin-ta-ce ne. Wa za a zaga? Ni. Za a ce ni na zuga shi, ni da ko a gida ban taɓa cewa ina so ba."

"Ba ki so ne?"

"Oho. Wa ya tambaye ni, balle in sani?" Ta cire gilashi ta goge da gefen siket. "Da safe yana wajen shanu na ɗauke takobin."

Kun san ni da son jin ƙwaƙwaf. Maimakon in ce wayyo, sai na ji bakina ya ce, "A ina kika ɓoye?"

Sai da ta ɗan murmusa. "Cikin dogon agogon zaure."

"Agogon da muke wucewa kullum?"

"Shi. Ni da wauta ban lura ya tokare abin da ke lilo a ciki ba. Kakanki ya birkice gida, ya duba ƙarƙashin gado, ya duba rumbu. Can ya zo zaure ya tsaya. Ya ce, 'Albertina, agogo ya tsaya.' Na ce na gani. Ya dubi agogon, ya dube ni. Hannu kawai zai miƙa ya buɗe, Regula. Bai buɗe ba. Jira yake in ɗauko in ba shi da kaina. Ni kuma na kafe kamar an dasa ni. Da ƙararrawar coci ta fara, ya ɗau hularsa ya fita."

"Dädi ya sani?"

"Ya san babansa ya tsaya a bayan igiya, kowa ya sani. An ɗauka yayyena ne suka yi masa wasan banza. Zazzaɓin daga baya aka ƙirƙiro shi. Mutanen nan in suna son binne magana, kowa da shebur ɗinsa yake zuwa." Ta shafa hoton da ɗan yatsa. "Ya dawo ya ci abincinsa, ya ce ya yi daɗi. Da yamma na mayar da takobin, ya tayar da agogo. Bai taɓa yi min maganar ba. Sai dai duk shekara ranar taro ya tsaya a zaure ya ce, 'Albertina, kin shirya?' In ce ƙafata. Shekara ashirin da biyu yana tambaya."

"Me ya hana ki zuwa?"

"Da wane ido zan shiga inda na hana shi shiga?"

Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, duka a lokaci guda. Na ce, "Grosi, ki zo ki gaya wa yarana. Ni na yi musu ƙarya ranar Talata, kuma Livia ta gane."

"Allah ya kiyaye. In tsufa in je in tona wa kaina asiri a gaban 'yan shekara goma sha ɗaya?" Ta ɗauki allura ta ci gaba da furenta. Na miƙe, har na kama ƙofa, sai na ji ta ce, "Wai shi yaron jirgin nan, ya tambaye ki?"

"A'a."

"Hm. Ƙarfe nawa kuke shiga gobe?"

Ranar Juma'a ƙarfe goma ta shigo aji da baƙin siket na zuwa coci, ta rataya doguwar jakar ƙyallen da take zuba sandunan katakon ɗinkinta. Ta ce ta zo da su ne ko yara za su so ganin surfani. Na ba ta kujerata. Ta ba da labarin tiryan-tiryan, ba ta rage wa kanta komai ba. Ban taɓa jin ajina ya yi tsit haka ba, har Timo ya shigo da ɗaya ƙafar.

Livia ce ta fara. "Frau Manser babba, kin ba shi haƙuri?"

"A'a."

"Me ya sa?"

"Na ɗauka akwai sauran lokaci."

Wani yaro ya ce, "To da ya shiga, da an ci?"

"Ina! Da tazara aka kayar. Hannunsa ɗaya ba zai canja komai ba."

"To ai ba ki yi laifi ba ke nan."

Grosi ta girgiza kai. "Nasa ne, ɗan nan. Ko zai canja ko ba zai canja ba, hannunsa ne."

Timo ya ɗaga hannu da gaske, na ɗauka wata babbar tambaya ce. "Agogon yana aiki har yanzu?"

"Yana aiki. Yana gaba da minti uku."

Surfani dai ba a nuna ba. Da za ta tafi ta ce kafaɗarta ta gaji, in ajiye mata jakar a kabad ɗin aji sai wani lokaci. Na saka, na kulle kabad, da aka tashi na kulle aji na jefa makullan a jakata.

Kun san yara. Kafin rana ta faɗi labari ya zaga ƙauye. Ranar Asabar Dädi ya dawo daga kai madara fuskarsa a murtuke. Ya tsaya a zaure ya daɗe yana kallon agogo, sannan ya wuce. Na bi shi rumbu na ce, "Dädi, maganar gobe, a ɗan dakata mana."

"Na riga na gaya wa mutane, Regula. So kike in zama abin dariya? Wanda kakarki ta jawo mana bai isa ba?"

Mami kuwa tana can tana guga tana waƙa. Ta rataye koriyar rigar a jikin ƙofata, ta ajiye farin safa da takalmin da ke matse min yatsa. Saƙon Valentin ya shigo da yamma: "An ce kakarki ta girgiza makaranta." Na ce, "An ce." Ya ce, "Gobe ƙarfe tara ina nan." Na tura masa hoton rigar ba tare da na rubuta komai ba, ya turo min hoton kwat ɗinsa. Mu biyu dai babu mai gaskiyar da zai fara.

Jiya Lahadi da safe ina ɗaura maɓallan riga na ji ihun Dädi daga ɗakinsu.

"Ina takobin? Ranar Litinin na goge shi na naɗe!"

Muka fito zaure. Dädi ya sauko da kwat a hannu ɗaya, bai yi wata-wata ba ya nufi agogo ya fizge murfin. Wayam. Abin lilon yana ta kai-komonsa.

"Sau biyu a wuri ɗaya? Ka raina ni, Sepp."

Grosi ce a kan matakala. Baƙar rigarta ta manyan ranaku, sarƙar azurfa a wuya, gashi a naɗe tsaf. A hannunta ga rawayan kati, bayansa fes, babu sabulu babu gishiri.

Dädi ya ce wa uwarsa, "Mueter, don Allah. Ƙarfe tara saura. Ina kika kai shi?"

"Yana makaranta, cikin jakar ɗinkina. Makulli yana wajen 'yarka."

Sai a lokacin na tuna nauyin jakar nan, da yadda ta hana Timo ya taya ta ɗauka. Takobi a kabad ɗin aji biyar, kusa da fenti da almakashi! Da shugaban makaranta ya ji, da na shiga uku.

Dädi ya miƙo hannu. "Ba ni makullin."

Na ce, "Dädi, ba a tambaye ni ba."

"Tambayar me kuma? Ba kya son sa ne?"

"Ba kai za ka yi min ita ba."

Mami ta dafe ƙirji. "Yau na ga ikon Allah. Regula, a ranar taro?"

Aka yi gyaran murya a bakin ƙofa. Valentin ne, da baƙin kwat, takalmi a hannu kamar kullum, kunnuwan nan jawur. Ban san tun yaushe yake tsaye ba, amma a gidanmu ko daga bakin titi ma ya ji komai.

"Herr Manser, laifina ne." Ya juyo gare ni, ya rasa inda zai sa takalman, ya rungume su. "Da Dädinki ya tare ni, daɗi na ji. Na ce shi ke nan, an hutar da ni. In na karɓi takobi ba sai na tambaya ba."

"Tambayar ce ke da wuya?"

"Amsar ce. Sau uku ina shirya magana, sau uku in na gan ki sai in kama zancen yanayi. Ina tsoron ki ce a'a, Regula."

Ashe abin ke nan. Kwana shida ina saƙa da warwara, ina cewa ko bai damu ba ne, ashe mutumin da ke jan jirgi a gefen kwazazzabo tsoron kalma ɗaya yake.

Ya ajiye takalman a ƙasa. "Regula Manser, za ki aure ni?"

Agogo yana ƙas-ƙas. Mami ta toshe baki da ƙyallen kicin. Dädi ya dubi agogon hannunsa, don in na hau keke yanzu, minti biyar zuwa, minti biyar dawowa, za mu iya samun jirgin tara da rabi da takobi a ƙugun Valentin.

"Katinka yana nan?" na tambaye shi.

Ya taɓa aljihu. "Yana nan."

"To yau da kati za ka shiga, kamar ni."

Grosi ta sauko matakalar ƙarshe ta miƙo min gwiwar hannu. Ta tsaya daidai gaban agogo, ta ɗan dube shi, ta ce a hankali, ba da mu take ba, "Na shirya."

Dädi ya juya baya yana neman hularsa, alhali tana kansa.

Filin ya cika maƙil. Muna tafe ana kallonmu, wasu tsofaffi suna taɓa juna da gwiwar hannu. Na hango Livia da Timo a bayan igiya, Timo yana tsalle yana nuna mu. Da muka zo mashiga Grosi ta ja ta tsaya, ta dubi wani wuri kusa da igiyar, inda yanzu wata mata ke tsaye da keken jariri. Sannan ta miƙa katinta, mai dubawa ya duba ya ce ta wuce.

Ba zan iya gaya muku abin da aka fara tambaya ba, ban ji ba. Na dai ga hannaye sun tashi, na ga na Grosi yana tashi a hankali har ya miƙe. Da na duba sosai sai na ga ta lanƙwashe ƙaramin yatsanta cikin tafi. Yatsu huɗu ta ɗaga. Kuka ya ƙwace min a tsakiyar mutum dubbai, kwalliyar da Mami ta sa na yi ta tafi a banza. Dädi da ke gefenta ya riƙe mata gwiwar hannu don kada ya sauka.

Can Valentin ya sunkuyo ya raɗa min, "Amsata fa?"

Na zaro makullan na nuna masa, na mayar jaka. "Gobe ƙarfe huɗu, in an tashi yara. Ka zo kai kaɗai. Ka sake tambayata inda babu Dädi, babu agogo."

"In kuma a'a ce?"

"Sai ka ji ta da kunnenka, ka taya ni ɗauko takobin mu mayar gida."

Yanzu haka Litinin ce, ƙarfe huɗu saura minti biyar. Yara sun watse. Livia ce ta fita ƙarshe, sai da ta tsaya a ƙofa ta ce kakarta ta ce in riƙe hoton, ya fi dacewa da gidanmu. Jakar Grosi tana kan teburina, jan tuntun ya ɗan leƙo ta bakinta. Ɗazu na ji ƙahon jirgi sau ɗaya. Ga shi kuma ina jin wani a baranda yana fama da igiyar takalmi, a makarantar da babu wanda ya taɓa cewa malamai ko baƙi su cire.

Na san amsata, tun jiya a cikin da'ira na san ta. Amma ku yi haƙuri, wanda ya tara ƙarfin hali ya tambaya shi zai fara ji.